Waken Inna da Fom Mai Gurbi Ɗaya

Yau da sassafe na goge takalmin da nake zuwa neman aiki da shi, na ninke wasiƙa na saka a jaka, na hau mota zuwa ofishin tallafa wa manoma domin in roƙi hukuma ta fasa taimaka mana. Na san wani zai ce yarinyar nan ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ba ƙoshi ba ne, jama'a. Ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi na shafe awa uku a tsaye ina neman a janye mana alheri.

Gonarmu ba wata babba ba ce. Idan ka tsaya a wannan gefen ka yi tari, wanda ke wancan gefen zai ce maka sannu. Gadon kakanmu ce, kuma tun kafin a haife ni akwai doka a cikinta wadda ba a rubuta ko'ina ba: abin da ya miƙe sama na Baba ne, abin da ya yi yaɗo a ƙasa na Inna ne. Baba ya shuka masara, bayan sati uku Inna ta bi tsakanin layuka da wakenta, ta jefa kabewa a gindin suri. Kuɓewa ce kaɗai ake rigima a kanta duk shekara, don a tsaye take amma Inna ce ke shuka ta.

Waken nan ba irin na kasuwa ba ne. Ƙanana ne, ja-ja, masu ɗigon fari a ciki. Daga hannun mahaifiyarta Inna ta samo irin, kuma kowace kaka takan zauna ta tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗa su da toka, ta rufe a gwangwani. Shi muke ci idan masara ta fara ja baya a rumbu, harawarsa kuma ita ke riƙe awakinta har ruwa ya sauka. Bana ƙwari sun shiga gwangwanin sun cinye fiye da rabi, saboda haka abin da ya tsira duk ta zuba shi a ƙasa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta rage a ɗaki ba. Irin uwarta kaf yana cikin gonar nan yanzu, ya rufe ƙasa, ya fara fure.

To, ana cikin haka sai Mai Girma Mai Almakashi, wanda ba ya ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce bai yanka ba, ya sanar da sabon shirin ceto ƙananan manoma. Za a ba kowa takin zamani. Sharaɗi ɗaya ne: a cike fom. Da fom ɗin ya iso gidanmu, ba a yi shawara ba aka miƙo mini, don ni ce na yi shekara huɗu a jami'a, kuma tun da na dawo babu abin da karatun ya tsinana wa gidan sai karanta takardar magani.

Fom ne mai kyau, Allah ya sani. Takarda mai sheƙi, har da hoton wani manomi yana dariya, rungume da masara kamar an yi masa haihuwa. Tambaya ta farko: sunan manomi. Gurbi ɗaya. Na rubuta Baba. Inna, wadda ta fi shi yawan kwanaki a gonar, na neme ta sama da ƙasa, sai can a shafi na biyu na samo mata wuri, a layin da aka rubuta "iyali da dabbobi". Tambaya ta bakwai: amfanin da ake nomawa. Nan ma gurbi ɗaya, bai fi farcen yatsa ba, a ƙasansa an ja layi: a rubuta ɗaya kacal.

Na ce, "Baba, sun ce ɗaya."

Ya ce, "Masara mana, Uwata. Me ake gani daga titi?"

Inna tana wanke-wanke a lokacin. Tukunyar da ke hannunta ta sha gurza ranar. Ni kuwa na rubuta "masara" da kyakkyawan rubutu, ban taɓa layi ba, har ina jin daɗin kaina.

Bayan sati biyu maƙwabcinmu Kawu Mai Rediyo ya leƙo ta kan katanga. Shi Kawu ba ya rabuwa da rediyo a kafaɗa, kuma labari bai taɓa isowa unguwarmu ta wata hanya ba sai ta bakinsa. Ya ce, "An fara zagayen duba gonaki. Duk wanda aka tarar gonarsa ta saɓa wa fom, za a soke sunansa. Wani can ya rubuta gyaɗa, aka je aka tarar da dawa a ciki, yanzu ko gaisuwarsa ba a amsawa a ofis."

Baba ya tsargu. Shekara uku ke nan yana ganin masararsa tana rawaya tun ba ta kai ƙugu ba, kuma ya riga ya ƙwallafa rai a kan takin nan.

Ranar Litinin jami'in duba gonaki ya zo. Saurayi ne mai ladabi, da farin takalmi da ƙatuwar waya. Ya gaida Baba har da rusunawa, ya tsaya daidai inda busasshiyar ƙasa ta ƙare, ya ɗaga wayar ya ɗauki gonar hoto. Sai ya ƙura wa hoton ido, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya ce, "Baba, wannan koren abin da ya rufe ƙasa fa?"

Baba ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙafata. Wallahi amsar tana cikin kaina tsaf: cewa wake ne, cewa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana hana ta bushewa, yana danne ciyawar gaske. Na ma taɓa rubuta jarrabawa a kai na ci. Amma ni idan baƙo ya tsaya a gabana, sai na jera magana a zuci, na duba ta, na sake jera ta. Ina cikin neman yadda zan fara, sai na ji Baba ya ce:

"Ciyawa ce, ranka ya daɗe."

Inna tana tsugune a tsakiyar gonar tana cire wa waken busassun ganye. A hankali ta miƙe, hannu a ƙugu, kamar wadda aka kira da sunan da ba nata ba.

Ta ce, "Ciyawa, Malam?"

Baba bai waiga ba. Ya ce, "Irin mai furen nan ce."

Jami'in ya girgiza kai cike da tausayi. "Kai, Baba, ai ta ci ƙarfinka. Dubi yadda Mama take fama da ita ita kaɗai." Ya danna wayarsa, ya sake dannawa, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ya zo mana da albishir. Na'ura ta ce gona mai ciyawa haka ba a ba ta taki, don ciyawar ce za ta shanye. Amma an saka mu a sahun gaggawa na feshi kyauta. Ranar Alhamis masu feshi za su zo da maganin da ba ya taɓa masara, amma duk wani abu mai faɗin ganye, kwana uku ya gama da shi har saiwa.

Ya ƙara da cewa, "Ko ba kwa nan ma za su yi, Baba. Taswirar gonar tana cikin waya. Kada ka wahalar da kanka."

Baba ya yi masa godiya. To me zai yi? Har rakiya ya yi masa zuwa bakin titi.

Ranar da rana Inna ta ajiye wa Baba dafaffiyar masara tsura a kwano, ba komai a kai. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa ko wani abu zai bayyana.

Ta ce, "Ci mana. Na ga ba ka son ciyawa, shi ya sa ban saka ba. Shekara talatin ina ba ka ita ban sani ba, ka yafe ni."

Ya ce, "Haba, Innarsu, dabara na yi."

"Na gani. Dabarar ta yi kyau. Taki ya tafi, wake zai bi shi. Saura kabewa, ita me za ka ce musu? Duwatsu?"

Kawu, da ke jin komai ta bayan katanga, ya ba da shawarar a kafa allo a rubuta cewa akwai macizai a gonar. Baba ya ce masu feshi dogon takalmi suke sakawa. Kawu ya ce to a karkatar da su gonarsa, shi tasa ciyawar ta gaske ce, har ta fara yi masa barazana. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa mai digiri ta rubuta wasiƙa, tunda da rubutu aka shiga, da rubutu za a fita. Sau uku na rubuta ina yagawa. Ku gwada rubuta wa hukuma cewa abin da mahaifinku ya kira ciyawa ba ciyawa ba ne, ba tare da kun ce ya yi ƙarya ba, ku ji yadda biro ke nauyi.

Ni fa ban ga laifin waɗanda suka tsara fom ɗin ba. Mutane ne masu tsabta, masu son tsari. A wurinsu gona kamar durowar ofis take, kowane gida da fayil ɗinsa. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa mai ƙaramar gona ba don ruɗewa yake cakuɗa shuka ba. Idan ruwa ya yi wa masara gardama, wake ya kama. Idan tsutsa ta ci wannan, wancan ya tsira. Ba shi da wani wurin da zai ruga idan shekara ta juya masa baya, sai tsakanin layukan nan. Kuma da a ce sun ƙara gurbi na biyu, da sai an ƙara faɗin takardar, hoton manomin nan mai dariya ya rasa wurin zama. Allah ya saka musu da alheri, sun zaɓi abin da ya fi muhimmanci.

Haka dai na isa ofishin yau. Ɗaki ne dogo, da benci biyu, da fanka mai juyawa kamar tana jin barci, da kalandar shekarar da ta wuce. Layi har waje. Kowa ya zo a ba shi ne, ni kaɗai na zo a hana ni. Mutumin da ke gabana ya ce shi an rubuta shi mai kiwon kifi, alhali ko rijiya babu a gidansa, kuma an aiko masa ya zo ya karɓi raga. Na tambaye shi ko gyara ya zo yi.

Ya ce, "Wane gyara, 'yata? Raga na zo karɓa. Zan kewaye kaji da ita."

A tebur na farko, malamin ya karanta wasiƙata har ƙarshe, ya juya bayanta ko akwai ci gaba, ya ce, "Malama, ba mu da fom na ƙin karɓa. Ba a taɓa nema ba." Ya tura ni tebur na biyu. Matar da ke can tana yanke farce, ta saurare ni ba ta ɗago ba, sannan ta warware mini zancen sarai: idan wake ne, to mun yi ƙarya a fom, za a soke sunan Baba shekara biyar, idan ciyawa ce, za a yi feshi. Ta ce in zaɓa. Na ce ko akwai wanda zan gani a sama. Ta nuna tebur na uku da abin yanke farcen. Babu kowa a wurin sai jaket a jikin kujera. Mai kujerar, Ranka-ya-daɗe Babban Mai Sa Hannu, ya tafi taron kwana biyar a otal kan yadda za a riƙa sauraron manoma.

Aka ce in jefa wasiƙar a tiren ƙorafi. Na jefa, na fito baranda, na zauna a kan wani buhu da ban san me ke ciki ba. Ina ta tunanin yadda zan dubi Inna. Hawaye bai zubo ba, amma ya zo bakin ƙofa.

Sai ga masinjan ofishin, wani dattijo siriri mai furfura, ɗauke da faranti da kofunan shayi. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "'Yata, wa ya rasu?"

Na ce ba kowa, wake ne zai rasu. Ya ajiye farantin a kan taga ya ce in ba shi labari. Da yake ba tebur a tsakaninmu, sai bakina ya buɗe, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Yaushe aka ce za su zo?"

"Ranar Alhamis."

"Wace Alhamis?"

Na tuno zancen ranar Litinin. Jami'in bai ce wace ba.

Ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan ginin, ya nuna mini wata taga mai ƙura, ya ce in leƙa. Famfunan feshi ne jere har rufi, sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba. Ya ce ba za a taɓa su ba sai Mai Almakashi ya zo ya ƙaddamar. Ba zai zo ba sai an kafa rumfa. Ba za a kafa rumfa ba sai kwamitin rumfa ya zauna, shugaban kwamitin kuwa shi ne mai jaket ɗin can. Ya nuna mini motar da za ta kai masu feshin, tana zaune a kan bulo huɗu, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

Ya ce, "Shekara ashirin da shida nake kai shayi a gidan nan. Abu ɗaya ne na ga yana tayar da su: ƙorafi a rubuce. Yanzu fayil ɗinku yana can ƙasa yana barcinsa lafiya. Wasiƙarki na shiga, za a zaro shi a ɗora a sama. Wani zai ga an rubuta gaggawa, ya tsorata, ya ba mutum ɗaya famfo ɗaya da babur, ya ce je ka fesa musu su daina damunmu. Ba wanda zai karanta abin da kika roƙa. Waken saura sati nawa?"

Na ce, "Biyar."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "Biyar? Je ki ce wa Innarki ta ƙara shuka wani."

Jama'a, ni da ko canjin da aka manta ba a ba ni ba ba na iya tambaya, na koma cikin ofishin nan, na ratsa layi, na tura hannu cikin tiren ƙorafi a gaban kowa na zaro wasiƙata. Mai yanke farce ta ɗago a karo na farko, ta ce, "Ke, lafiya?"

Na ce, "Na fasa. Mun gode da feshin. Muna jira."

Ta ce, "Yawwa. Haka ake so, a riƙa haƙuri da hukuma."

Da na dawo gida na ba da labari, Baba ya yi ajiyar zuciya, ya gyara hula, ya dubi Inna ya ce, "Ba na gaya miki ba? Na san mutanen nan. Ba za su ba mu kunya ba."

Ta ce, "Kai dai yi shiru, Mai Dabara." Amma na ga ta ɗauko tukunyar da take dafa wake a ciki ta ɗauraye, ta aike ni in aro mudu ɗaya wurin matar Kawu. Baba ya ga haka, ya fara waƙa ƙasa-ƙasa yana wasa fartanya.

Ba mu gama murna ba sai ga kan Kawu a saman katanga, rediyo manne a kunne. Ya ce, "Kun ji? An canza shugaban ofishin manoma. An kawo wani sabo, matashi, mai zafin nama. Yanzu ya gama rantsuwa cewa zamanin jinkiri ya wuce. Ya ce duk aikin da ke ƙasa, cikin sati uku zai kammala shi, ko ya ajiye muƙamin."

Fartanyar Baba ta tsaya. Inna ta ƙirga da yatsu, uku, ta sake ƙirgawa, biyar. Ta ce, "Sauran ma ai haka suka ce da suka zo, ko?"

Kawu ya ce, "Haka suka ce. Amma wannan an ce da ƙafa yake hawa bene, ba ya jiran a buɗe masa ƙofa."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma da lema ta jingina a bakin ƙofa. Ta ce daga wannan makon, kowace Alhamis a gona za ta yini, kuma duk wanda ya zo da famfo sai dai ya fara da ita. Baba ya ce zai raka ta. Ta ce ya zauna a gida, kada baƙi su tambaye shi ita wace ce.

Saboda haka, ya Mai Girma Sabon Shugaba, Mai Zafin Nama, Mai Hawa Bene da Ƙafa, ga roƙon 'yar manomi. Mun ji rantsuwarka, ta yi daɗi, Allah ya ba ka iko. Amma ka shigo ke nan, ko kujerar ba ta san ka ba. Ka huta. Ka karɓi masu zuwa taya murna, suna da yawa. Ka kafa kwamitin da zai binciko dalilin jinkiri, ka ba shi isasshen lokaci. Idan an gayyace ka wata ƙasa ka ga yadda suke yi, kada ka ƙi, ilimi ne. Sati biyar kacal muke nema, da kwana biyu na shanya.

Idan kuma har ya zama dole a fara aiki a kan lokaci a zamaninka, to garuruwa suna da yawa, ranka ya daɗe. A fara da na nesa.